Yayen Malama

Mai Ɗinki ta haifi 'ya'ya shida, ta raine su a ciki da falo da abin da keken ɗinki ke kawowa, kuma har ta haura shekara sittin ba wanda ya taɓa ce mata ta yi aikin ba daidai ba. Sai da 'yarta ta huɗu ta shiga kwas.

Ita wannan 'ya tana koyarwa a makarantar ƙananan yara, shi ya sa kowa ke ce mata Malama, har uwar da ta haife ta, wadda ta fara da zolaya sunan ya bi bakinta. Kullum bakwai saura kwata na safe Malama za ta shigo a gurguje, jaka a kafaɗa ɗaya, 'yarta a ɗaya, ta dire yarinyar a tsakiyar ƙyallaye ta juya, ba ta dawowa sai huɗu ta gota. Yarinyar shekararta biyu da wata huɗu. Kakar ce ta laƙaba mata Maɓalli saboda ɗan hancinta, kuma tun tana wata uku a wannan falon take wuni. A nan ta yi rarrafe, a nan ta miƙe tana dafa teburin yanka, a nan ta koyi cewa almakashi ba abokin wasa ba ne. Tun da maigidan ya rasu, 'ya'ya suka watse kowa da gidansa, ba abin da ke motsi a gidan nan sai keke da wannan yarinya. Da za a ce wa Mai Ɗinki ta zaɓi ɗaya, da keken ya kwana a titi.

Kwas ɗin na ranar Asabar ne, an ce duk malamin da ke son ƙarin girma sai ya yi shi. Wani Dakta ne ke koya musu yadda halin mutum ke ginuwa tun yana zanen goyo, daga wani littafi mai kauri mai koren bango, wanda Malama ta riƙa yawo da shi a hammata ko'ina za ta. Sati uku da farawa ba wanda ya tsira. Mijinta Akawu mutum ne mai tauna murfin biro, nan take aka gano yayen gaggawa aka yi masa. Shugabar makarantarsu da ke kulle alli a durowa ta rataya makulli a wuya, ashe tun tana shekara biyu aka matsa mata a kan zaman fo, tukunyar bayan gida ta yara, shi ya sa har yau ba ta iya sakin komai. Mai kantin bakin titi kuwa da ya auri mace mai kama da uwarsa, Malama ta ce tasa maganar ba ta faɗuwa a gaban manya, sannan ta faɗe ta tsaf. Mai Ɗinki ta nemi tsari, ta tofar da zaren da ke bakinta.

Da farko abin nishaɗi ya riƙa ba ta. Malama za ta zauna a kan tarin yadi ta yi mata bayanin cewa a cikin kowane mutum akwai mutum uku. Ɗaya makwaɗaici ne, abin da yake so yanzu yake so. Ɗaya mai tsawa ne, komai ka yi sai ya ce ba ka ji kunya ba. Na ukun wahalalle ne, ba shi da aiki sai raba su faɗa. Ban da su kuma akwai wani ɗaki can ƙasan zuciya inda mutum ke cusa duk abin da ba ya son tunawa ya rufe, amma abin ya riƙa leƙowa ta mafarki da suɓutar baki. Mai Ɗinki ta ce ashe kowa gidan haya ne bai sani ba. Ta karɓi littafin ta jujjuya, ta ga hoton wani dattijo mai gemu riƙe da ƙatuwar taba, ta tambaya shi kuma wa ya yaye shi. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce ba'a ma hanya ce ta kare kai, yana nan a babi na shida.

Wata ranar Laraba ta zo da takarda mai tambaya arba'in. Dakta ya ce kowa ya je ya yi wa uwarsa su, sannan ya rubuto shafi goma a kan abin da ya sa ya zama yadda yake. Aka yi rashin sa'a ranar ce Mai Ɗinki ke fama da wanduna talatin na wata makaranta da za a karɓa da safe, allura ta karye sau biyu, ga Maɓalli ta kifar da kwalin zare tana bin su ƙarƙashin kujeru. Malama ta yi ta jero tambaya: yaushe ta fara haƙori, ta yi tsotson yatsa, an taɓa dukanta a kan fitsarin kwance? Uwar tana amsawa da fil a baki, ido a kan ɗinki. Duk wadda ta raini shida ta san yadda abin yake. Za ki tuna wani ya yi ƙyanda, wani ya faɗa bokiti, wani ya cusa wake a hanci, amma wane ne wane, sai kin zauna kin natsu. Ita kuwa ba ta ga ta zama ba. Da aka zo tambaya ta goma sha bakwai, wata nawa aka yaye ta, Mai Ɗinki ta tuna akwai wanda ta cire a nono da wuri, ya yi kwana uku yana tsala ihu har maƙwabta suka yi magana.

"Wata bakwai," ta ce.

Biron Malama ya tsaya cak. "Bakwai, Mama?"

"Bakwai. Miƙo min allin can."

Malama ta koma gida ta buɗe littafi, sai ga ta a ciki tsamo-tsamo, kai ka ce don ita aka rubuta shi. Cin farcen da take yi idan masu duba makarantu za su zo, wata bakwai ne. Biskit ɗin da take narka in ranta ya ɓaci, wata bakwai ne. Surutunta, da rashin iya cewa a'a, da yadda take tambayar Akawu sau biyar a rana ko fushi yake yi da ita, duk daga wancan nonon da aka fizge mata ne. Ta rubuta shafi goma sha takwas maimakon goma. Dakta ya ba ta makin da ya fi na kowa, ya sa ta karanta a gaban aji, mata biyu suka yi ƙwalla, wata ta rantse ita ma sai ta je ta titsiye tata uwar.

Ranar Litinin Malama ta shigo da wata fuska mai taushi, irin ta mai zuwa dubiya. Ta dafa kafaɗar uwarta ta ce ba ta riƙe ta a zuciya ba ko kaɗan, ta san a zamaninsu ba ilimi. Mai Ɗinki ta sha baƙar magana iri-iri a bakin masu kawo ɗinki, amma ba ta taɓa jin abin da ya ƙona mata rai kamar wannan yafiyar ba. Ta ce ai yayen wata bakwai ba ya kisa, ga ta nan ɓul-ɓul da ita. Malama ta gyaɗa kai cikin tausayi ta ce musu shi ne alamar farko.

Daga nan ido ya dawo kan renon Maɓalli. Aka manna takarda a bango, saman teburin yanka, ɗauke da dokoki tara. Kada a ce mata ƙazama idan ta ɓata wando. Kada kuma a tafa mata idan ta yi a fo, don kada ta girma tana yin abu don a yaba. Kada a toshe mata baki da burodi in tana kuka. Kada a takura mata, kada a sakar mata. Mai Ɗinki ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya gani. Ranar da yarinyar ta yi abin kirki a fo ta ɗago kai tana jiran tafi, kakar ta tsaya da hannuwa a sama ta rasa inda za ta kai su, ƙarshe ta sosa kai. Maɓalli ta gaji da jira ta tafa wa kanta.

Duk da haka bai wadatar ba. Wani yammaci Malama tana sa wa yarinyar takalmi, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Mama, makarantarmu ta buɗe ɗakin reno, bango ɗaya ne da ajina. Mai kula da su tana da takardar shaida. Daga Litinin ta sama can zan riƙa kai ta."

"Ni kuma fa?"

"Ki huta mana, kin yi naki. Shekara biyar ɗin farko su ne komai, Mama. Ba na son abin da ya same ni ya same ta."

Mai Ɗinki ta juya ga keke ta ci gaba da ɗinki, don kuka ne ke neman kufce mata, ita kuwa 'ya'yanta sau ɗaya suka taɓa ganin hawayenta, ranar da ubansu ya rasu. Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba, tsoron falon nan da ƙarfe goma na safe ba kowa a ciki sai ita. Kwana biyu ta yi tana ɗinka hannun riga a baibai tana farkewa.

A rana ta uku ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko, wato ta ajiye ɗinki ta zauna ta natsu. Ta tuno jaririn nan mai ihun kwana uku, ta tuno kanta tana jijjiga shi a tsakar ɗaki, sai kuma ta tuna cewa a kwanakin ko ƙamshin man girki ta ji sai ta yi amai. To wa ke amai lokacin yaye in ba mai ƙaramin ciki ba? Nan take ta miƙe. Ta taka kujera ta sauko da tsohon gwangwanin biskit daga saman durowa. A ciki, ƙarƙashin hotuna da takardar fansho ta marigayi, akwai katunan awon yara guda shida ɗaure da ƙyalle. Bokonta bai yi nisa ba, amma mai ɗinki ba a yi mata wayo a lamba.

Ga shi nan da jan biron nas, an yaye a wata bakwai, a katin ɗanta na uku, Makanike. Dalilin yayen ma yana rubuce a gefe: uwa na da ciki. Cikin wa? Cikin Malama. Ta buɗe katin ita Malamar, ta bi layi-layi da yatsa. Shekara ɗaya, tana sha. Shekara biyu, tana sha. Shekara biyu da wata biyar, tana sha, har nas ta ja layi biyu ta rubuta cewa an yi wa uwa faɗa. Nan komai ya dawo mata. Ai wannan ce yarinyar da ke jawo 'yar kujera da kanta, ta zo ta tsaya a gaban keke da haƙora cike da baki ta ce a dakata da ɗinki. Mai Ɗinki ta yi dariya ita kaɗai har da riƙe ciki. Rabon da ta ci abinci da daɗi irin na ranar an jima.

Ba ta so abin ya wuce a ɓoye ba, don an karanta laifinta a gaban aji, ya kamata a wanke ta a gaban shaidu. Ta kira taro ranar Lahadi da yamma. Makanike ya zo da burodi biyu da gwangwanin kifi, ƙato mai tumbi wanda dariyarsa ke riga shi shiga ɗaki, baƙin mai a ƙarƙashin farce. Akawu ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, kamar kowane suruki mai ladabi, murfin biro a gefen baki. Mai Ɗinki ta jera katunan biyu a kan teburin yanka ta danne su da almakashi, ta yi bayani dalla-dalla, ba gaggawa. Ta rufe da cewa ba a fizge wa Malama komai ba, ita ce ma tun ba ta zo duniya ba ta kori yayanta daga kan abincinsa.

Makanike ya kwashe da dariya ya ce lallai yau za a biya shi diyya. Malama ta ɗauki katunan ta karanta, ta sake karantawa, ta duba bayansu. Shafi goma sha takwas da makin Dakta suka fara zubewa a gabanta. Sai ta jawo jaka ta zaro littafin. Ta lashi yatsa, ta buɗa, ta buɗa, fuskarta ta fara washewa.

"Ai wannan ya fi muni, Mama," ta ce. "Ga shi nan. Yaron da aka hana da wuri yakan maƙale a matakin baki, wato har ya girma komai sai ya kai baki. Wanda aka bari ya wuce kima shi ma yakan maƙale, don bai koyi haƙuri ba. Alamomin duk ɗaya ne."

Mai Ɗinki ta nuna Makanike ta ce to ga wanda aka hana nan, ko a gidan makoki sai an roƙe shi ya rage fara'a, ina nasa ciwon? Malama ta dube shi sama da ƙasa ta ce Yaya ai danniya ce, ya tura abin can ɗakin ƙasa ya rufe, yawan dariyar nan murfi ne, kuma duk mai shakka ya dubi tumbinsa. Makanike ya kalli burodin da ke hannunsa, ya mayar da shi kan faranti a hankali. Akawu ma ya zare murfin biro daga baki ya jefa aljihu.

"To a wata na nawa ya kamata a yaye yaro?" in ji Mai Ɗinki.

Malama ta duba ta ce littafin bai faɗi wata ba, ya dai ce a yi daidai gwargwado.

"In na cire da wuri na yi laifi, in na bari na yi laifi. Tun da aka fara haihuwa a duniya, akwai uwar da ta taɓa cin wannan jarrabawar?"

Malama ta ce wannan fushin ma abin dubawa ne.

Mai Ɗinki ta cika ta yi fam. Tana shirin faɗin maganar da za a yi shekara ana biko, sai aka ji ƙum. Maɓalli ce ta hau bandir ɗin yadi ya mirgina da ita, goshinta ya daki ƙafar keke. Ta ɗauke numfashi, sannan ta saki ƙara. Malama ce ta fi kusa. Ta yar da littafin ta zube a gwiwa, ta buɗe hannuwa tana cewa zo, zo wurina. Yarinyar ta taso da gudu, ta sunkuya ta ƙarƙashin hannun uwarta ta wuce, ta faɗa cinyar kakarta tana kiran Mama, Mama. Haka take kiran kakar dama, domin sunan da ta ji ana kiran ta da shi ke nan. Uwarta kuwa Malama take ce mata kamar kowa, kuma duk dangi sun daɗe suna dariyar abin.

Makanike ya ce ga shi nan, ita wannan ba ta karanta littafin ba. Akawu ya murmusa. Mai Ɗinki ma dariyar ta taso mata, tana murza goshin yarinyar, sai idonta ya sauka a kan 'yarta. Malama na nan a durƙushe, hannuwanta a buɗe ba kowa a ciki. Ta daɗe a haka kafin ta sauke su, ta shiga tsintar zare a ƙasa kamar dama abin da ya durƙusar da ita ke nan. Tana cije da leɓenta na ƙasa.

Dariyar Mai Ɗinki ta ɗauke. Wannan kam ba ta buƙatar kati kafin ta gane. Sai abubuwa suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe yarinyar tun daga kafaɗar uwarta take zillo ta miƙo hannu. Kullum huɗu ta yi, da ta ji sallamar Malama sai ta ɓuya a bayan yadi, a ɗauke ta tana shure-shure. Takunta na farko kaka ce ta gani, uwa a waya ta ji labari tana tsakiyar koya wa 'ya'yan wasu waƙa. Ita kuma Mai Ɗinki kowane yammaci da nata albishir, yau ta ce kaza, yau ta yi kaza, ai ba ta cin abinci sai a hannuna. Tana faɗa tana washe baki, ba ta taɓa duban fuskar mai sauraro ba. Wace 'ya ce za ta iya buɗe baki ta ce wa uwarta ina jin ciwon yadda 'yata ta fi son ki? Ba ta iya ba, shi ne ta je ta ɗauko littafi mai shafi ɗari huɗu ya faɗa mata a fakaice. Kunya ta kama Mai Ɗinki, da tausayi mai zafi irin wanda ba ta ji wa Malama ba tun tana ƙarama.

Maganar tana kan harshenta, ga shaidu a zaune. In ta faɗe ta, littafin ya mutu murus, Malama ba za ta sake ɗaga ido ta ambaci ɗakin reno ba, Maɓalli kuma ta zauna daram. Ta juya maganar a baki, ta haɗiye ta. Ta tattara katunan ta ɗaure da ƙyallensu.

"Gobe ki biyo ki kwashi kayanta," ta ce. "Ƙila littafin naki ya fi ni gaskiya."

Makanike ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya mayar da burodi ya toshe.

Da safe ta haɗa komai a jaka tun kafin su iso: kofin roba mai hannu biyu, fo, wanduna huɗu, da 'yar tsanar da ta ɗinka mata da ragowar yadin makaranta. Malama ta shigo bakwai saura kwata, ta ce ai da ba ta shigo da yarinyar ba, sai dai Maɓallin ta ƙi yarda a wuce ƙofar gidan. Maɓalli ta sauka ta nufi wurin zamanta. Da ta ga an rataya jaka an kamo hannunta za a koma waje, ta gane. Ta ƙanƙame zanen kakarta da hannu biyu ta fasa kuka.

Mai Ɗinki ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane yatsa sai da ta ji shi a ƙirjinta. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ta tsaya a bayanta ta riƙe mariƙin da hannu biyu. Yarinyar ta bi ta, tana dukan ƙofa da tafi, tana kiran Mama har muryarta ta fara dushewa. Ana jin Malama tana lallashi da muryar aji, tana cewa ta fahimci ranta ya ɓaci, ba laifi ba ne mutum ya ji haka. Kukan ya ƙaru. Aka yi alkawarin biskit, aka yi na lilo, duk a banza. Bakwai ta buga a agogon falo, ta gota.

Can sai muryar Malama ta matso jikin ƙofa, ba muryar aji ba, wata 'yar siririya. "Mama, ki fito ki karɓe ta. Ta ƙi ni. A bar maganar ɗakin renon, na haƙura."

Ga abin da ta yi kwana da kwanaki tana roƙon Allah an kawo mata har bakin ƙofa, juya mariƙi kawai ya rage. Hannunta har ya fara juyawa da kansa. Ta danne shi da ɗayan.

"Ba zan fito ba," ta ce. "Littafinki ya ce na lalata ɗaya, ba zan ƙara ta biyu ba. Ajiye jakar ki ɗauke ta. Ki daina yi mata bayani, ki ɗauke ta kawai."

"Tana dukana."

"Ke ma kin dake ni. Riƙe ta."

Aka ji jaka ta faɗi ƙasa. Kukan ya tashi daga ƙasan ƙofa ya koma sama, ya yi tsanani, da shure-shure da komai. Mai Ɗinki ta jingina goshi da katako, hawaye na bin hancinta, ba ta da hannun sharewa. Ta ji takun 'yarta daga teburin yanka zuwa taga, daga taga zuwa tebur, ba magana, sai ɗan bubbuga baya. An daɗe ana haka. Sannan kukan ya canja. Ya koma can ciki, a toshe, irin na yaron da ya tusa fuska a wuyan wanda ya ɗauke shi. Ta raini shida, ta san wannan sautin. Ya ragu ya zama shessheƙa, shessheƙar ta zama ajiyar zuciya. Ta ji daɗi, kuma ba ta taɓa sanin daɗi na iya yin ciwo haka ba.

Ƙofar waje ta buɗe, ta rufe.

Sai da takun ya ɓace a titi ta saki mariƙin, yatsunta duk sun sage. Ta fito ta wanke fuska, ta ɓalle takardar dokoki tara daga bango ta ninke ta sa a durowa. Akwai riguna goma sha biyu da ke jiran wuya. Ta zauna a gaban keke, ta zura zare, ta daidaita yadi a ƙarƙashin allura. Kafin ta ɗora ƙafa a kan feda ta sunkuya ta leƙa ƙasa kamar yadda ta saba, kada ta take wa wata yatsu.